Dutsen da Kika Gano a Cikin Ƙanƙara

Zuwa ga Hafiza, sanyin idona, inuwar da nake sauke gajiyata a ƙarƙashinta, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasar zuciyata,

Aminci ya tabbata a gare ki, ya lulluɓe ki tun daga tsakar kai har tafin ƙafa. Ina rubuto miki ne daga gandun renon itatuwan da nake aiki, nan Pleasant Garden a ƙasar Turawa, a hutun hantsi, zaune a kan buhun taki. In kin ga jar ƙasa a gefen takardar, yatsana ne. Na san za ki yi min dariya. Mutumin da ke da lambarki a waya, wanda minti ashirin ke kai shi ƙofar gidanki a unguwar Glenwood, me ya haɗa shi da biro da ambulan? Muryarki ce ta haɗa ni da su. Tun jiya sau uku ina ɗaga waya ina ajiyewa, domin na san da zarar kin amsa da murnar nan da ta cika miki baki kwanakin nan, harshena zai ƙi ni. Akwai maganar da dole ki ji kafin ranar Alhamis.

Amma bar ni in fara da abin da ya fi min daɗi. Kin tuna ranar da kika shigar da ni sashenku a jami'a, a bazarar bara, itatuwan bakin titi sun yi fari fat da fure? Kika tsayar da ni bayan gilashi, kika shige ɗakin sanyi cikin rigar nan da ke mai da ke buhun auduga mai tafiya. Da kika fito kin riƙo ɗan guntun ƙanƙara, ragowar yanka, kika jefa shi a kofin ruwa kika kara min a kunne. Na ji yana ƙas-ƙas kamar gero a kasko. Kika ce iskar da ta shekara dubu biyu a kulle ce take fita. Ni ɗan Malumfashi, da ban san ƙanƙara ba sai ta mai zoɓo! Na tsaya ina sauraro, amma gaskiyar magana hannun da ke riƙe da kofin nake kallo. A ranar na san na kamu, kuma ban nemi magani ba.

Ke kika koya min cewa dusar ƙanƙarar da ke zuba a ƙurewar kudancin duniya ba ta narkewa. Ta bana tana kwantawa a kan ta bara, kowace shekara da shimfiɗarta, kuma duk abin da iska ta ɗauko a shekarar yana nan a ciki. A haƙo ta doguwa kamar taɓarya, a kawo muku, ke kuma ki bi ta shekara bayan shekara kina neman sinadarin salfa: wadda duwatsu masu aman wuta suka watsa sama, da wadda ƙananan tsirran teku suka fitar, tun kafin ɗan Adam ya gina masana'anta. Ban taɓa gane rabin lissafin ba. Fuskarki nake ganewa in kina bayani, yadda take buɗewa kamar gona bayan yayyafi, har ki manta shayinki ya huce.

Sai kuma hannuwanki, ya abar ƙaunata. Sanyin ɗakin nan ya tsattsaga su har suna fitar da jini, kina ɓoye min su a aljihu. Wane irin masoyi ne zai ga haka ya zauna? Na ɗauko man da Inna ta haɗo min daga gida, irin wanda take shafa mana tun muna yara in fata ta ɓaci, na ba ki ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mako uku ke nan. Kika karɓa ba ki ko tambayi abin da ke ciki ba, ke da ba kya yarda da ruwan famfo sai kin auna shi. Kika ce kullum da safe kina shafawa kafin ki sa safar hannu. Hannuwa suka warke sumul, ni kuwa na yi ta hura hanci kamar ni na shuka kaɗanyar.

Litinin ɗin da ta biyo baya kika yanka guntayen ƙanƙara huɗu don aunawa. Da sakamako ya fito, salfa ta tashi a cikinsu tashin da ba ki taɓa gani ba, a shekarun da kowa ya ɗauka sama lafiya lau take. Kika kira ni kina haki, wai kin gano aman wutar da babu wanda ya taɓa rubuta labarinsa. Farfesarki ta sa sunanki cikin masu magana a taron masana na ranar Alhamis. Kin gaya wa Baba a Kano, shi kuma ya gaya wa duk majalisarsu. Wallahi, Hafiza, murnar da na yi ta fi ta ranar da aka sa mana rana.

Jiya da safe na kira Inna in roƙe ta ta ƙaro man, na tambaye ta yadda take haɗa shi don in yi miki burga. Ta lissafo min: man kaɗanya, ɗan man darbejiya, da dakakkiyar farar wuta cokali biyu. Ina tsaye a rumbun gandu take faɗa, gabana kuma ga buhunan garin nan rawaya da muke barbaɗa wa ƙasa saboda tsirran da ke son tsami. Shi ne farar wutar Inna, kuma sunan da ke jikin buhun shi ne abin da kike aunawa, salfa. Na nemi wuri na zauna.

Ni ba masani ba ne, hasken raina. Mai yiwuwa dutsenki na nan daram, ni ne nake tsoron banza, kuma babu abin da nake roƙon Allah kamar hakan. Sai dai na san yadda ake sa safar hannu: hannu tsirara ne ke fara kama ta. Ke kuma da bakinki kin gaya min abin da kuke aunawa ƙanƙani ne, har ɗan abin da zai maƙale a farce ya isa ya ɓata randa guda. Ga ranar da na ba ki man, ga ranar da kika yi yankan. Na juya kwanakin nan ta kowace fuska, sun ƙi rabuwa.

Ba zan ɓoye miki ba, zuciya ta raya min in yi shiru. Saura wata biyu bikinmu. Wa zai taɓa haɗa kwalbar wata tsohuwa a Malumfashi da dutsen da ya yi aman wuta tun kafin kakannin kakanninmu? Na wuni ina dashe da wannan tunanin, har na dasa layi guda a karkace. Sai na hango ki tsaye gaban manyan malamai kina bayani da wannan fuskar taki, na kuma hango wata shida nan gaba wani ya sake aunawa bai ga komai ba, ana kiran sunanki da wata irin murya. Yaya zan zauna a gida ɗaya da ke, in ci tuwo daga hannunki, ina riƙe da wannan a ciki? Na gwada a raina, ban iya ba.

Don haka ina roƙon ki, ki ɗebi man nan ki auna shi yau. Ki nemi a sake yanko miki daga rabin ƙanƙarar da aka adana, ko da zai ɗauki makonni, ko da taron zai wuce ki. In za ki yi fushi, ni za ki yi wa. Inna ba ta san komai ba sai tausayin hannun surukarta, ke kuma ba ki yi laifin komai ba sai yarda da ni. In farfesarki na son ganin mai laifi, ki faɗi lokaci, zan zo da takalman aikina in tsaya gabanta in faɗa da bakina.

Gobe bayan la'asar zan zo Glenwood. Zan tsaya a tashar bas da ke tsallaken gidanki, ba zan ƙwanƙwasa ba, ba zan kira ba. In kin fito, ko da faɗa kika fito, zan gode wa Allah. In ba ki fito ba zan dawo jibi, in dawo gata, har ki gaji da ganina ta taga. Na san abin da takardar nan za ta iya raba ni da shi, kuma ina jin tsoro ƙwarai. Amma gara ki ƙi ni kina riƙe da gaskiya, da ki aure ni kina riƙe da dutsen da babu shi.

Naki, ko kin buɗe ƙofa ko kin rufe, yau da gobe har ranar da za a mai da ni ƙasa,

Uzairu