Rigunan Sanyi a Jikina

Jibiya, daren Laraba

Yau ma a ƙafa na tsallako iyaka, rigunan sanyin gwanjon da na saro a Maraɗi duk a jikina, don mai ƙunshi ake tsayarwa a hanya. Suwaita kan suwaita, jaket kan jaket. Da asuba na ji daɗinsu. Kafin in kai Magama rana ta buɗe, zufa ta jiƙa su sharkaf.

Alhajin da ke saye a wurina ya ɗaga ɗaya, ya sunsuna, ya ajiye. Ya ce, "Malam Sani, sanyi ya wuce. Wa za ya sayi wannan?"

Na wanke, na shanya. Yanzu zazzaɓi ya rufe ni, ina rawar ɗari, kuma ko ɗaya ba ta bushe da zan sa ba.