Ƙarfen Kwatangwalona Ya Fara Kuka

Assalamu alaikum Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya maigidan naki da yara, ya ruwan Fatakwal? Nan Ƙofar Kwaya ƙaninki Sani lafiya lau, matarsa ta sauka lafiya, kawunki ne dai idon ya ƙara rufewa. Ni ce ba ni da lafiya, duk da kullum a waya ina ce miki lafiya lau.

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na rubuta ne don bakina ya kasa faɗa, na kuma yarda wasu su karanta, don akwai masu irin ƙarfena.

Kin tuna ranar da aka sallame mu bayan an sa mini ƙarfe a kwatangwalo? Likita ya ce ban da tsuguno, ban da zaman ƙasa. Kika shiga Babbar Kasuwa kika sayo doguwar kujera, kika ce, "Inna, daga yau wannan ce tabarmarki."

Na kiyaye, har Allah ya karɓi ran mahaifinki. Kika koma gidanki, ni na shiga takaba. Yayyensa mata suka zo daga ƙauye, tsofaffi tukuf, suka baje a tabarma. Ta yaya zan ɗare kujera ƙafafuna suna saitin kawunansu? Na ji wata ta ce, "Matan birni ke nan, har takaba a kan kujera." A ranar na sa aka kai kujerar bayan ɗaki. Duk babban da ya shigo gaisuwa sai in durƙusa, in miƙe, in sake durƙusawa. Da na fita takaba ma ban koma mata ba.

Bara ƙarfen ya fara kuka. Muna salla a Islamiyya, na tafi sujada, sai ya yi ƙiii kamar ƙyauren da bai sha mai ba. Ana sallamewa ta kusa da ni ta ɗaga darduma tana neman ɓera. Har ni na taya ta nema, Ummi. Tun ranar ban koma ba.

Da ɗingishin ya yi yawa Sani ya kai ni asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya ce robar da ke tsakanin ƙwallon ƙarfen da mazauninsa ta cinye, ƙarfe yana gugar ƙarfe, ɓurɓushin kuma yana cin ƙashina. Ya ce dama abin yana da ranar ƙarewa, ba lallai laifina ba ne. Amma da ya ce, "Hajiya, kina zama a ƙasa?" sai na sunkuyar da kai.

Sai an sake aikin tun ƙashin yana iya riƙe sabo, kuma ba zai sa rana ba sai na faɗi mai jinyata. Matar Sani tana jego. Sani namiji ne. Ke ce kika ɗaga ni wancan karon, kika yi mini wanka, ke 'yar farin da ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. Ga shi na lalata wahalarki, kuma ina sake roƙonki ki zo ki yi jinyata.

Ki nemi izinin maigidanki, ki ba ni amsa kafin a ga watan azumi, don a makon zan koma asibiti. In ba zai yiwu ba ki faɗa mini, wallahi ba zan riƙe ki ba.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu ɗaga ki ranar da ƙafa ta gaza.

Na sa an fito da kujerar an wanke ta. A kanta nake wannan rubutu.

Taki,
Inna