Turancin Tsakar Gida

Zuwa ga 'yata Ramlat,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ya birnin, ya maigidanki da yara? Ina fata Huseina ta rabu da tarin nan. Mu nan Minjibir lafiya lau, sai ƙafata, ita kuwa ta daina jin magani.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayar nan in zan yi kira sai Sakinatu matar ƙanenki ta danna mini, sannan ta tsaya a kaina. Shi ya sa na lalubo ɗan yaƙi da jahilcina, zan ba Yahya direba ya kawo miki. In rubutun ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Gidan nan ya zama gidan Turawa. Ƙanen naki Naziru da matarsa za su yi ta hira da Hausarsu garau, ina ɗaga labule sai su juye Turanci. In na koma ɗaki Hausa ta dawo. Ashe Turanci ido gare shi, kuma ni kaɗai yake gani.

Ga abin da nake zargi: gonar bakin hanya. Ran kasuwa na hango Naziru da wani mai ƙaton tumbi suna taka ta, tun daga gindin kuka har iyaka. Da na tambaya wai mai taki ne. Mai taki da takalmi sau-ciki? Ga shi kowa ya kai taki gonarsa ban da mu. Yayanki na Kaduna kuma ya yi ɗif, shi da Juma'a ba ta wucewa bai kira ni ba. Wai babu sabis. Bakinsu ɗaya, muryata yake jin kunya. Ki gaya masa gonar nan tumunin takabata ce, ba mai sayar da ita ina numfashi.

Ki gai da kowa da kowa.

Mahaifiyarki,
Falta

Ramlat,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ruwa a wajenku? Mu nan an yi na shuka, gero har ya fara leƙowa.

Amsarki ta zo, guntuwa kamar jelar akuya. Wai in kwantar da hankalina saboda hawan jini. Ni gona na tambaye ki, ban tambaye ki jinina ba.

Na je wurin Malam Sabo, tsohon hedimastan nan abokin babanku, na ce ya koya mini Turanci ko da na gane zagi ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai na daɗe ina yi. Wai bokiti da tebur da mota, har asibiti da likita, duk nasu ne, bakinmu ne ya tauna su. Na ce Malam ji tsoron Allah, tun ina yarinya nake ɗiban ruwa da bokiti, ban taɓa gamuwa da Bature a bakin rijiya ba. Ya ce to su ma 'yan ɗauke-ɗauke ne, shuga da kofin da suke taƙama da su sukari ne da gahawar Larabawa. Sai ya zana mini sunan wuƙa da Turanci a ƙasa, ya nuna harafin farko, ya ce wannan rubuta shi ake yi amma ba a faɗarsa. Na ce to ka ji! Yaren da zai ajiye harafi a gaban kowa ya ce a yi kamar ba a gan shi ba, ai don munafunci aka yi shi.

Amma zuwan ya yi rana. Yanzu sai in zauna bakin murhu kamar mai gyangyaɗi, ina tsince kalmominmu a cikin nasu kamar tsakuwa a shinkafa. Sai dai abin da nake tsinta bai yi kama da zancen gona ba. Kuma sunan mutum ba shi da Turanci. Sunan yayanki na fitowa sai su saci kallon fuskata. Sakinatu da ba ta san a ce ƙara ba, yanzu ita ke tura mini tsoka a miya. Malam Sabo ma da zan tafi cewa ya yi Allah ya sawwaƙe, alhali ban ce masa wani abu ya same ni ba.

Ke ma ban yarda da ke ba. Yahya ya ce duk zuwan da zai yi ba ya samunki a gida, wai kin fita da kular abinci. Wa kike kai wa?

Ki shafa mini kan yara.

Mahaifiyarki,
Falta

Ramlat,

Sallama. Ina fata kin tashi lafiya, shi ma wanda kike jinya Allah ya ba shi sauƙi. E, na sani.

Jiya da hantsi suka fara Turancinsu, sai na juya wajen akuyata na shiga zuba mata Barbarci, ina yi ina jefa sunan Naziru ina kallonsa. Bai jure ba, ya ce Inna me kike cewa a kaina? Na ce au, ashe da zafi? Zauna.

Na gaya masa ba yau aka fara ja mini labule da yare ba. Ina yarinya Hausa kaɗai nake ji. Da babana ya kwanta ciwo aka kai shi birni, manyan gidanmu suka koma Barbarci a kaina, suna yi suna cika mini hannu da ƙuli-ƙuli. Ban sake ganinsa ba sai a makara. Haushin wannan ne ya sa na koyi yaren wurin gyatumata. Na ce da Naziru wancan karon ƙuli-ƙuli ne, wannan karon tsoka, to na ƙoshi.

Ya sunkuyar da kai ya faɗa da Hausa. Ƙoda ce. Tun bazara aka dawo da yayanki Kano ana yi masa wanki, ke ce a kansa. Mai tumbin nan kuwa mai saye ne, ban yi ƙarya ba. Amma yayanki da ya ji ya ce ko mutuwa zai yi kada a taɓa gonar Inna, kada kuma a gaya mata.

Dukanku ba ku da hankali. Na binne miji, na binne 'ya'ya, jinin nan bai kashe ni ba. Ita gona ƙasa ce, cikinta za mu koma ko tamu ce ko ta wani. Na aika a kirawo mai tumbi anjima. Ni zan yi cinikin da kaina, Naziru ko tumatir bai iya tayawa ba, kuma da Hausa za a yi.

Yahya zai kawo miki wannan yau, gobe ina cikin motarsa. Ki nema mini wurin shimfiɗa tabarma kusa da gadon. In likita zai yi magana ya yi ta da Hausa, in bai iya ba ki fassara mini ba ragi, idonki zan kalla.

Kin san ɗan fari, tun da na haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba. To ki gaya wa Uzairu uwarsa na tafe.

Mahaifiyarku,
Falta