Rasuwar Saje Halliru Mai Takardun Kiɗa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Karatu da Nishaɗi ta Gusau ta sami labarin rasuwar ubanta kuma dattijonta, Malam Halliru Mas'udu Tsafe, tsohon Saje a badujalar soja, kuma malamin kiɗan 'yan makaranta a Bungudu, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a gidansa na Tsafe, bayan doguwar jinya.

Tun dawowarsa daga yaƙin Bama, Marigayi Saje bai tara shanu ba, bai tara riguna ba, sai akwati guda na tsofaffin takardun kiɗa, masu layi biyar-biyar da baƙaƙen ɗigo, waɗanda mabushi ke dubawa ya busa. Ya roƙi wasu wurin Turawan kamfani masu komawa gida, wasu kuwa ya ƙwato su a tashar jirgi daga hannun masu ƙosai da ke naɗi da su, da mai a jikinsu. Garin da ya sha tafa wa yaransa ranar maci, shi ne dai ya riƙa ce masa mai tsince-tsince. Yakan amsa da cewa takarda ba ta mantuwa, shi kuwa ya fara.

Ƙungiya ta ji cewa ranar Jumma'a za a raba gado, kuma an shirya ƙidaya takardun ɗaya-ɗaya, namiji kashi biyu, mace ɗaya. Ba mu da ja a kan shari'a. Muna dai tunatar da 'ya'yansa magada, Malam Uwaisu, Malam Sabiru da Malama Kulu, cewa in aka yi haka, farkon kiɗa zai tafi Wanke, tsakiyarsa Rawayya, ƙarshensa Furfuri, inda kowannensu yake zaune, kowa ya sami haƙƙinsa, ba wanda ya sami kiɗa. Muna roƙonsu su bar akwatin a haɗe, kowa da rabonsa a ciki, a hannun wanda suka yarda da shi.

Muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa, Inna Hanatu, da 'ya'yansa, da dukkan jama'ar Tsafe da Bungudu. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi.

Daga ƙarshe, muna da roƙo ga waɗanda suka halarci sadakar uku. An sanar da mu cewa da ganyen naɗin masa ya ƙare, matan da suka zo taya aiki sun buɗe akwatin Marigayi, da kyakkyawar niyya, suka naɗe masar sadaka da abin da suka tarar. Duk wanda takardar nan ke wurinsa, ya yi wa Allah ya mayar da ita gidan. Kada ya ji kunyar man da ya ɓata ta. Yawancinsu haka Saje ya same su.

Malama Hafsatu Abdulsalami
Sakatariya, Ƙungiyar Karatu da Nishaɗi, Gusau
Maris, 1957