A Mayar wa Murdo Gillies Kilt Ɗinsa

Ailsa Drummond,
Lamba 3, Layin Coci,
Ardvoran.
28 ga Oktoba, 2019.

Mista Torquil Baird,
Shugaban Kwamitin Wasannin Gargajiya,
Ardvoran.

Yallaɓai,

GAME DA: Fitar da Mista Murdo Gillies daga fili ranar 17 ga Agusta, da ci gaba da riƙe kilt ɗinsa

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da wannan ƙorafi a kan abin da aka yi wa maƙwabcina, Mista Murdo Gillies, mai gadin dajin farauta, wanda ya haura shekara talatin yana jifan guduma a wasanninmu. Bai sa ni ba, kuma da ya san ina rubutun nan da ya hana. Na daɗe ina ɗauko wa jarida rahoton kotu, saboda haka zan tsaya kan abin da na gani da idona da abin da masu abin suka faɗa mini da bakinsu.

Kwamiti ya san Innes, ɗan Murdo tilo, soja ne, kuma ya rasu a bakin aiki a ƙasar waje shekara shida da suka wuce. Cikin kayansa da aka dawo da su akwai rigunansa na ɓad-da-kama masu launin rairayi. Bara da hunturu Murdo ya kai su wa Misis Ishbel Rennie mai ɗinkin kilt, zanen gargajiyar nan mai tattara da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu, ya ce ta yi masa guda da su. Ta gaya masa kilt yadi takwas yake ci, rigunan nan ko rabi ba za su kai ba. Sai suka shirya a yi shafin gaba da yadin sojan, a yi tattarar baya da ɓad-da-kama na mafarauta, kore da ruwan ƙasa, irin wanda Murdo ke sawa in zai hau tudu. Gaba na ɗan, baya na uban. Ishbel ta ce mini tartan, yadin da aka saba yin kilt da shi, da layukansa yake nuna wa allura inda za a ninke, wannan kuwa dabbare-dabbare ne ba layi, sai da ta warware tattarar sau biyu kafin ta kwanta. Akwai wani wuri da ya koɗe a gwiwar hannun riga ɗaya. Ta so ta yanke shi, Murdo ya ce a bar shi.

Da safen ranar wasa abokan jifansa suka yi ta tsokanarsa a kan ɓad-da-kamar, suna tambayar juna ko wani ya ga Murdo, ga guduma dai tana yawo ita kaɗai. Ya yi dariya. Na ambaci wannan ne don rabon da a ji dariyarsa a fili an jima.

Ga ƙorafe-ƙorafena.

1. Yadda aka fitar da shi. Murdo ya riga ya kama guduma ya kafe ƙafa sai babban jami'in fili, Mista Hector Farquhar, tsohon hafsan soja da ya tare a garin nan shekara biyu baya, ya tsayar da shi. Ya tambaye shi ko ya taɓa aikin soja. Murdo ya ce a'a. Ina tsaye jikin igiyar da ta kewaye filin, na ji abin da ya biyo baya. Mista Farquhar ya ce, "Malam, wannan ba kayan kwalliya ba ne. Mutane sun mutu cikin yadin nan." Murdo ya ce, "Na sani, yallaɓai." Ba a tambaye shi yadda ya sani ba. Daga nan aka sanar ta lasifika cewa an cire shi daga gasa saboda shigar da ba ta dace ba. Dokar wasannin ta ce mai jifa ya ɗaura kilt. Ba ta ce da wane yadi ba.

2. Shirun kwamiti. Wannan ne ya fi damuna, kuma ina neman afuwa idan maganar ta yi nauyi. Mista Farquhar baƙo ne, bai san Innes ba. Amma ku huɗu da ke zaune a teburin alƙalai duk kun halarci jana'izarsa, kuma kai, yallaɓai, kana cikin waɗanda suka riƙe igiya aka saukar da akwatinsa cikin kabari. Kalma ɗaya daga teburin da ta kashe maganar. Babu wanda ya motsa. Murdo ya tako har gabanku, ya kwance maɗauran, ya ninke kilt ɗin ya aje tsakanin kofunan kyauta, ya ratsa filin daga shi sai gajeren wandon da masu jifa ke sawa a ciki. Wani daga rumfar giya ya ɗaga murya ya ce ga kaza an fige ta tana tafiya, baƙi 'yan kallo suka yi dariya. Masu busa algaitar wasa ba su tsaya ba. Aka kira na gaba.

3. Riƙe kilt ɗin. Misis Rennie ta rubuto wa kwamiti ranar 26 ga Agusta, ta sake ranar 16 ga Satumba. Amsar da sakatare ya bayar ranar 30 ga Satumba ita ce an sa kilt ɗin cikin kayan tsintuwa, sai mai shi ya zo da kansa ya sa hannu, in ba haka ba a ƙarshen shekara a kai shi shagon sadaka tare da laimomi da hulunan da 'yan kallo suka manta. Ba tsintarsa aka yi ba, a gabanku aka aje shi. Ranar 19 ga Oktoba na gan shi a siton kwamiti, a cukuikuye cikin baƙar leda, ƙarƙashin turakun tanti, kuma rufin wurin yana yoyo. Ishbel ta ce tattara in ta mutu guga zai tashe ta, yadin mafarauta kuma yana nan jibge a kasuwa. Amma shafin gaba tsohon yadi ne da rana ta ci, in fumfuna ta kama shi shi ke nan, kuma babu wasu rigunan.

4. Halin da Murdo ke ciki. Ba zai zo ya sa hannu ba. Ya gaya mini a gaban gari ya aje, ba zai bi ta ƙofar baya ya ɗauko ba. Ya daina zuwa zauren gari ranar Juma'a, ya koma sayayya a wani ƙauye. Ranar Lahadi 10 ga Nuwamba za a taru a dutsen tunawa da ke gaban coci a karanta sunayen waɗanda suka rasu a aikin soja, kuma sunan Innes ne na ƙarshe a jikin dutsen. Tun da aka sassaƙa shi Murdo bai taɓa fashi ba. Don wannan rana ya sa aka ɗinka kilt ɗin, wasan Agusta gwaji ne kawai. Da na tambaye shi bana fa, sai ya ce yana da barewar da zai duba a kan tudu.

Ba na neman a sauke Mista Farquhar. An shaida mini shi ma ya binne sojojin da ke ƙarƙashinsa, kuma tun yammacin ranar da aka gaya masa ko rigunan wa ne bai sake taka filin ba. Mai yiwuwa kunya ce ta riƙe shi, mai yiwuwa ita ce ta riƙe ku duka. Sai dai kunyar ta shiga wata na uku, ledar kuma tana nan inda take.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, da ya fito da kilt ɗin daga sito a wannan makon, ya miƙa shi ga Misis Rennie ta shanya ta goge, ta ce ba za ta karɓi ko kwabo ba. Ina roƙon a soke hukuncin 17 ga Agusta, a kuma sanar da sokewar a bainar jama'a kamar yadda aka sanar da hukuncin. Sannan ina roƙon kada a aika masa da shi ta gidan waya, kada kuma a ba ni in kai. Wani daga cikin waɗanda suka zauna a teburin nan ya kai masa da hannunsa kafin 10 ga Nuwamba, a rataye, ba a leda ba. Idan Mista Farquhar ya so rakiya, ina ganin ba za a kore shi ba.

Gidan shi ne na ƙarshe a layinmu, ka san shi. Karen yana haushi amma ba ya cizo. Murdo ba zai buɗe da wuri ba, a ci gaba da ƙwanƙwasawa. Maratayin da ya cire kilt ɗin daga kai da safen 17 ga Agusta yana nan a bayan ƙofar kicin, bai rataye komai a kai ba.

Ina jiran matakin kwamiti. Ka huta lafiya, yallaɓai.

Taka cikin girmamawa,

Ailsa Drummond