Rufin Gidanmu

Zuwa ga ƙanena Firmin,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin Paris bai kama ka ba. Jarida ta iso Valmorin ɗauke da zanenka na gidanmu, wanda aka ba ka lambar yabo a kansa. Mai gidan burodi ya manna shi a bango, kowa ya zo saye sai ya tsaya kallo.

Firmin, me muka yi maka? Ka zana mu da rufin ciyawa, har da ɓuli a gefe! Mijina Anselme ya sayar da saniya, ya yi rani yana hawa tsani kafin mu samu rufin jan tayil. Ran Lahadi a ƙofar coci, matar da ɗanta ke neman 'yarmu ta ce, “Ashe a Paris ma an san tushenku, sai mu sake shawara.” Na rasa inda zan sa fuskata. Anselme ya ce kada ka ƙara taka masa ƙofa. Idan talauci mutanen birni ke saye, ka nemi na wasu.

Yayarka,
Eulalie

Yaya Eulalie,

Na gaishe ki, na gaida Mama da Anselme, in zai amsa. Na karanta takardarki a tsaye, na kasa zama.

Ban cire rufinku ba, Yaya. Ban san da shi ba. Na zana gidan ne yadda na bar shi ranar da na hau keken doki. Da 'yan jarida suka tambaye ni, na ce duk bazara nakan je gida in zauna a bakin gona ina zane. Kunya ta hana ni cewa rabona da Valmorin tun 'yarku tana goye. Ki faɗa wa Anselme ba raini ba ne.

Ƙanenki mai neman afuwa,
Firmin

Firmin,

Gaisuwa. Na karanta wa Anselme. Ya ce, “Da raini ne ma da sauƙi.”

Mama kuwa ba ta ko kalli rufin ba. Ta ɗora yatsa a kan itacen fiya da ka zana a bakin rijiya, ta yi ta kuka. Da shi aka yi akwatin gawar Baba, wanda ka aiko wa furanni maimakon ka zo jana'iza.

Girbin inabi ya kusa. Ka zo da jan fenti don zana sabon rufin, ka zauna a bakin gonar da ka ce kana zama, inda duk mai wucewa coci zai gan ka. Anselme bai ce ka shigo ba, amma ya fitar da kujera.

Yayarka,
Eulalie