Tsibirin da Na Zaɓar wa Masu Nutso

Maman yara,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Inna? Auta ta fara tafiya?

Ina nan lafiya, ina dafa wa baƙi masu nutso don kallon kifaye abinci a jirgin ruwan da muke kwana ciki. Jirin da teku ke sa ni ya ragu, sai dai ranar iska.

Jiya baƙin suka kasa zaɓar inda za mu yi sati mai zuwa. Kyaftin ya ce, "Kuku, raba mana gardama." Na nuna wani tsibiri, na ce kifayensa sun fi kyau. Allah Ya yafe mini, ban taɓa leƙa ƙarƙashin ruwan ba. Can ne kawai waya ke shiga.

Ranar Laraba ki ajiye wayarki kusa. Ko babu labari, ki ɗauka ki yi ta magana.

Mijinki